Kafin a ɗauko kocin dambe daga Kyuba, a fara buɗe sito ɗaya a Sharaɗa

A watan Agustan 1992, a birnin Barcelona na ƙasar Sifen, 'yan Najeriya biyu suka kai wasan ƙarshe a rukunai biyu mafi nauyi na damben boksin a gasar Olamfik. David Izonritei ya kara da Félix Savón, shi kuma Richard Igbineghu ya kara da Roberto Balado. Savón da Balado duk 'yan Kyuba ne. Aka cinye Izonritei da maki 14 da 1, aka cinye Igbineghu da maki 13 da 2. Muka dawo gida da azurfa biyu. Kyuba ta kwashe zinare bakwai daga cikin 12 da aka sa a damben shekarar.

A lokacin ban ma san ana yi ba. Sai bayan shekaru masu yawa na nemo wasannin a YouTube, na kalle su a waya, na sake kallo. Duk wanda ya kalla zai ga namu ba ƙarfi suka rasa ba, kuma ba su ji tsoro ba. Izonritei ne fa ya fitar da David Tua a wasan kusa da na ƙarshe, masu bin dambe kuwa sun san irin hannun Tua. Abin da ya faru shi ne, kafin namu ya kai naushi, ɗan Kyuba ya riga ya gusa, ya kuma ajiye nasa.

Lambobin Najeriya a damben Olamfik guda shida ne tun da aka fara. Uku daga cikinsu ɗan Kyuba ne ya tare mana hanyar zinare, domin ko Isaac Ikhouria da ya samo tagulla a Munich a 1972, Gilberto Carrillo na Kyuba ne ya tsayar da shi. Tun daga tagullar Duncan Dokiwari a Atlanta a 1996 kuma ba mu ƙara ganin komai ba. A gasar Tokyo ko ɗan dambe ɗaya ba mu kai ba. A Paris a 2024 mutum uku suka samu gurbi: ɗaya rauni ya hana shi zuwa, ɗaya aka dakatar da ita bayan gwajin ƙwayoyi, na ukun aka fitar da shi a wasansa na farko.

Shi ya sa duk sa'ad da tawaga ta dawo hannu rabbana, za ka ji a shirye-shiryen wasanni na rediyo da majalisun hira ana cewa a ɗauko ɗan Kyuba mana, tunda kowa ma su yake ɗaukowa. Ni ma na taɓa faɗin haka. Yanzu na sauya ra'ayi. In aka sauke kocin Kyuba yau a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, kuɗinmu kawai za mu zubar, domin babu wurin da zai tsaya, babu kuma yaran da aka shirya masa. Aikin da ya kamata a fara yi yana Sharaɗa da Chalawa da Bompai, kuma bai kai tsadar tikitin jirginsa da albashinsa ba.

Mun riga Kyuba cin lamba

Ga wani abu da mutane da dama ba su sani ba. Nojim Maiyegun ya ciyo wa Najeriya tagulla a Tokyo a 1964, ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar nan. A wannan shekarar Kyuba ba ta taɓa cin ko lamba ɗaya a damben Olamfik ba. Sai a 1968 ta samu azurfa biyu, sannan a 1972 ta fara cin zinare, guda uku, ciki har da na Teófilo Stevenson. A wannan gasar ta 1972 ce maƙwabcinmu Issaka Daboré ya ciyo wa Nijar tagulla, lambarta ta farko. Wato akwai lokacin da muke tafiya kafaɗa da kafaɗa da su. Yau Kyuba na da zinare 42 a damben Olamfik, Amurka kaɗai ta fi ta, duk da cewa ta ƙaurace wa gasannin 1984 da 1988. Mu ko ɗaya. Kuma ƙasar gaba ɗayanta ba ta kai Jihar Kano yawan jama'a ba.

Me suka yi? A 1961 gwamnatin Fidel Castro ta kafa hukumar wasanni ta ƙasa, a 1962 ta haramta damben kuɗi. Duk ɗan damben da ya zauna a ƙasar, gasar ƙasa da ƙasa ita ce ƙololuwarsa, gwamnati kuma ita ke riƙe da shi. Aka buɗe makarantun wasanni a larduna, inda yaro ke karatun boko rabin yini, ya yi atisaye rabin yini. Aka sa gasar 'yan makaranta duk shekara. Wanda ya yi fice a unguwa ya tafi lardi, wanda ya yi fice a lardi ya tafi sansanin ƙasa da ke bayan garin Habana. Kafin ɗan Kyuba ya taka dandamalin Olamfik ya yi wasanni masu yawan gaske, an cinye shi, ya cinye, an gyara masa ƙafa tun bai fara gemu ba.

Kuma su ma koci suka ɗauko daga waje. Wani ɗan Tarayyar Sobiyet mai suna Andrei Chervonenko yana cikin waɗanda suka je suka taimaka. Sai dai ba su sakar masa komai suka koma gefe ba. Sun tsayar da nasu, Alcides Sagarra, wanda ya karɓi tawagar ƙasa a 1964 ya riƙe ta fiye da shekara 30. Baƙon ya koma gida, ilimin ya zauna, har aka cuɗa shi da rawar ƙafar mutanen tsibirin ya zama salon da ake kira makarantar Kyuba: ka daka, kada a dake ka.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Tsarin ya tsaya ne a kan gwamnatin da ke hana mutum sayar da ƙwarewarsa inda ya ga dama. Stevenson ya ƙi miliyoyin daloli da aka yi masa tayi don ya kara da Muhammad Ali, ana kuma yabonsa a kan haka har gobe, amma wasu da yawa guduwa suka yi. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aljihun Kyuba ya bushe, sai tura masu horarwa ƙasashen waje ya zama hanyar samun kuɗin shiga, har da kamfanin gwamnati mai kula da wannan ciniki. A 2022 dole ta sa suka janye haramcin damben kuɗi. A Paris zinare ɗaya tal suka samu, kuma babban gwaninsu Julio César La Cruz, wani haifaffen Kyuba mai sanye da rigar Azarbaijan ne ya fitar da shi. Don haka masu horarwar suna nan a kasuwa, samunsu ba wuya. Tambayar ita ce me za su tarar in sun zo.

Waɗanda suka ɗauko suka ci riba

Indiya ta ɗauko Blas Iglesias Fernández a 1990. Lambarta ta farko a damben Olamfik, tagullar Vijender Singh, ta zo ne a Beijing a 2008. A lissafa: shekara 18. Wace hukuma ce a ƙasar nan za ta yi haƙurin shekara 18 da koci ɗaya? Mu da ake buɗe sansani saura 'yan makonni a tafi gasa, alhali kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma Fernández bai tsinci Vijender a titi ba. Yaron ya fito ne daga Bhiwani, wani gari a Jihar Haryana, inda wani koci ɗan ƙasa, Jagdish Singh, ya shafe shekaru yana tara yaran talakawa yana koya musu. Garin ya yi suna har ana ce masa ƙaramar Kyuba. Abin da ke kai iyaye su miƙa 'ya'yansu kuwa ba son lamba ba ne kawai. A Indiya ɗan wasan da ya yi fice yana samun aiki a hukumar jiragen ƙasa ko soja ko 'yan sanda. Dambe hanyar albashi ce.

A Ailan ma haka. Nicolás Cruz, ɗan Kyuba, yana kusurwar Michael Carruth a Barcelona lokacin da ya cinye wani ɗan Kyuba, Juan Hernández, ya ɗauki zinare, a gasar nan dai da aka cinye namu biyu. Carruth soja ne mai albashi, mahaifinsa ne kuma ya fara koya masa dambe a kulob ɗin unguwarsu a Dublin. Faransa da ta samu lambobi shida a Rio a 2016 da ɗan Kyuba a cikin masu horar da ita, haka ma matan Sin da suka ci zinare uku a Paris. Duk inda ka duba, kulob da gasa da abin kai wa baki sun riga kocin isa.

Misalin da ya fi kama da mu shi ne na Tailan. Suna da dambensu na gargajiya, Muay Thai, mai naushi da gwiwa da ƙafa, da kiɗansa, da tsafe-tsafensa, da 'yan caca a gefen fili. Yaran karkara suna shigarsa tun suna ƙanana don neman na abinci. Somluck Kamsing daga nan ya fito. Ya koma boksin, ya shiga sojan ruwa, ya samu horo a hannun Juan Fontanils ɗan Kyuba, ya ci zinare a Atlanta a 1996, zinaren Olamfik na farko a tarihin ƙasarsu. Wanda ya doke a wasan ƙarshe, Serafim Todorov na Bulgeriya, shi ne ya fitar da Floyd Mayweather a zagayen da ya gabata. Da na karanta tarihin Somluck, gidan damben filin Ado Bayero da ke Sabon Gari ne ya faɗo mini a rai.

Muna da dambe, amma wani damben ne

Ba sai an koya wa Bahaushe son dambe ba. Sana'ar mahauta ce tun kaka da kakanni, da kalangu da kirari, da ɓangarorin Kudu da Jamus da Guramaɗa. Sunan Shago da Ɗandunawa bai mutu ba saboda waƙar Ɗan'anace. Yanzu ga shi ya shiga waya, tashoshi irin su Dambe Warriors sun kai shi idon duniya, ana sa babur da mota a gasa, yana kuma cikin wasannin da ake yi a bikin wasanni na ƙasa. Zuciya da juriya da rashin tsoron taro, waɗannan duk muna da su a araha.

Sai dai kada mu yaudari kanmu. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya yake naɗe wa zare, ɗayan garkuwa ce a buɗe. Yana buɗe ƙafa sosai, ya jingina baya, yana dakon naushi ɗaya da zai yi kisa. Ana shuri da ƙafa. A al'adance ba a ɗora mutum a sikeli kafin a haɗa shi da abokin karawa. Boksin na Olamfik kuwa turmi uku ne na minti uku-uku, hannu biyu duk suna aiki, hannun gaba ma shi ya fi aiki, kuma alƙalai biyar ne ke zaune suna duba wanda ya fi kai naushi mai tsafta. Wanda ya tsaya jiran kisa, kafin ya ankara an tara masa maki an tashi. Abin da ya samu namu a Barcelona ke nan, su da ma boksin ɗin suka koya.

Saboda haka masu cewa a kwashi zaratan gidan dambe a sa musu safar hannu a kai su Olamfik, ina ganin ba su yi wa kowa adalci ba. Mutumin da ya shekara goma yana tsayuwa iri ɗaya, jikinsa ya riga ya haddace. Ƙaninsa ɗan shekara 10 ko 12, mai riƙe masa ruwa da zare, shi ake nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nan ne kuma maganar kuɗi ta shigo. Dambenmu yana biya nan take: ka yi kisa, 'yan kallo su yi maka liƙi, ka koma gida da abin cefane. Boksin na 'yan dagaji ba ya ba ka ko sisi sai bayan shekaru, in ma ya bayar. Yaron da ake jira ya kawo na tuwo ba zai zaɓi na biyun ba, ni ma da ni ne ba zan zaɓa ba.

Akwai wani matashi da na sani, yana dakon buhuna a wani kamfani a Sharaɗa, ranar da babu aiki kuma ya shiga fili. Na taɓa ganinsa yana sauke kaya daga tirela, na tsaya ina kallon yadda yake juya ƙugu da buhu a kafaɗa, na ce a raina da wani gari ne da tuni wani koci ya rubuta sunansa. Wata rana ya dawo daga dambe da karaya a hannu. Da yake ma'aikacin kullum-kullum ne, washegari aka sa wani a gurbinsa, babu wanda ya tambayi inda yake. Mai ɗori ya ɗaure hannun, ya warke a karkace. Yanzu ba ya damben, ba ya dakon. Bai kai shekara 25 ba.

Me ya sa masana'antu?

Ka je Sharaɗa da sassafe ko lokacin canjin aiki ka ga matasan da ke tsaye a bakin ƙofofi suna jiran a kira su. Ka bi ta Chalawa zuwa Panshekara, ko ka zaga Bompai ka fita ta Dakata. Abu biyu za ka gani a jere: samari majiya ƙarfi da ba su da abin yi da yamma, da manyan gine-gine a kulle tun lokacin da masaƙu da sauran kamfanoni suka durƙushe. Wasu an mayar da su wurin ajiye kayan da aka shigo da su daga waje, wasu kuwa ciyawa da jemagu ne suka gaje su.

Ɗakin koyon dambe ba filin ƙwallo ba ne. Yana buƙatar rufi, da daɓe mai kyau, da ƙarfen rataye buhunan naushi, da igiyoyin tsalle, da ruwan sha, da dandamali ɗaya mai igiya. Shahararren ɗakin damben Rafael Trejo da ke tsohon garin Habana fili ne a tsakanin gidaje, iska na shiga ta ko'ina. Kwata na sito ɗaya a Sharaɗa ya fi shi girma. Maƙeran da ke walda a bakin titi za su haɗa dandamalin, masu katifa su kawo soso.

Sai fata. Wannan ita ta fi ci mini rai. Majemun Chalawa da Sharaɗa suna jeme fatun awaki da tumaki ana loda su zuwa Italiya da Sifen, mu kuma a bar mu da warin da ruwan da ke gangarawa kogi. Garin Sialkot na Pakistan ya yi suna a duniya da ɗinka safar dambe da ƙwallo. A Kano, garin dukawa, yaron da ke son koyon boksin sai ya nemi gwanjon safar da wani ya gama yayi da ita a Turai. Safar gasa tana da ƙa'idojin da sai hukumar duniya ta amince, wannan gaskiya ne. Amma buhun naushi da safar atisaye da abin tare naushi na hannun koci, babu abin da zai hana a ɗinka su a nan, a kuma sayar wa Legas da Yamai da Accra.

Abin da ya fi gini da fata muhimmanci shi ne aiki. Kamfani ya ɗauki 'yan dambe biyar ko shida aiki na dindindin, da takarda, a rage musu awa biyu a ranakun atisaye, in sun ji rauni a kai su asibiti, in sun tafi gasa albashinsu na tafiya. Abin da jirgin ƙasa ya yi wa Indiya ke nan, abin da soja ya yi wa Carruth da Somluck. Kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan. Raccah Rovers da ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978 sunan gidan kasuwanci take ɗauke da shi. Kano Pillars da muke tinƙaho da ita an haɗa ta ne a 1990 daga ƙungiyoyi uku, biyu daga ciki na wuraren aiki ne, WRECA da Bankin Arewa. Iyayenmu sun san ɗan wasa mai katin ma'aikata. Mu ne muka tashi ba mu san shi ba.

Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN tana da reshe na Sharaɗa da Chalawa, tana da na Bompai. In kowace unguwar masana'antu ta buɗe ɗaki ɗaya, an samu uku. Uku sun isa a fara gasa duk wata: Bompai ta je Chalawa, Chalawa ta je Sharaɗa, a gayyato 'yan sanda da soja, daga baya Kaduna da Katsina da Maraɗi. Ɗan dambe wasa ne ke gina shi. Wanda ke hawa dandamali sau ɗaya a shekara, lokacin bikin wasanni na ƙasa, ko Sagarra ne ya horar da shi ba zai je ko'ina ba.

Na san abin da za a ce

Mai kamfani zai ce da wane kuɗin? Yana da gaskiya. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, ga dizal, ga canjin dala, da yawansu numfashi kawai suke yi. Ban ce su gina filin wasa ba. Na ce sito da ba a amfani da shi, da guraben aiki shida a kamfanin da dama yana ɗaukar leburori. Kamfanonin da ke kashe kuɗi a allunan talla da kalandar ƙarshen shekara za su iya gwada sa sunansu a rigar yaron da unguwa guda za ta fito kallo. Gwamnatin jiha kuma, maimakon ta karɓe abin ta naɗa masa kwamiti, ta rage wa duk kamfanin da ya shiga wani abu daga harajin da take karɓa, hukumar wasanni ta kawo alƙalai da likita.

Wani zai ce a garin da ake fama da faɗan daba da ƙwacen waya, za ka ƙara koya wa yara duka? Wanda ke tare mutane da wuƙa a lungu bai koyi boksin ba, kuma ba ya buƙatarsa. Ɗakin dambe wuri ne da ake tashin yaro gudu bayan sallar asuba, a ɗora shi a sikeli, a kore shi in ya zo a buge. Mai shan ƙwaya ba ya iya minti tara a dandamali. Ban ce zai magance daba ba, talauci da siyasa ne ke ciyar da ita. Amma yaro 40 da ke da wurin zuwa ƙarfe huɗu na yamma, da babban da ke tambayar inda suke in ba su zo ba, ba ƙaramin abu ba ne a Ja'en ko Dakata.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba zan tsallake ta ba don na san tana zukatan masu karatu. Malamai da dama sun hana dambe saboda hanin da ya zo a kan dukan fuska da kuma cutar da jiki. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan yi fatawa a shafin jarida ba. Iyayen da suka hana ɗansu a kan wannan dalili, hakkinsu ne, kada kowa ya matsa musu. Abin da na sani shi ne dambe yana gudana a garin nan ko mun so ko mun ƙi, da zare a hannu, galibi ba sikeli, ba gwajin lafiya. Haɗarin boksin ma gaskiya ne, duka a ka duka ne. A watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasan kuɗi a Accra, ya rasu. Don haka duk ɗakin da za a buɗe, likita da gwajin lafiya da hular kariya ga yara su ne sharaɗin farko, in babu su gara a bar siton a kulle. In ma tsarin ya yi kyau, gidajen damben gargajiya za su iya aron likitan da sikelin.

To, sai yaushe ɗan Kyuban?

Bayan shekara biyu ko uku, in ɗakunan sun tsaya da ƙafarsu, an san yara nawa ke zuwa, an ga waɗanda suka jure. A lokacin ma kada a ɗauko shi don ya kai mutum uku gasa ya dawo. A rubuta a kwantiraginsa cewa aikinsa horar da masu horarwa ne: tsofaffin 'yan boksin na jiha da na soja da 'yan sanda, malaman motsa jiki na makarantun sakandare, da tsofaffin 'yan damben gargajiya da suka ajiye zare, waɗanda su ne yaran unguwa ke jin maganarsu. A ba shi tafinta, tunda Sifaniyanci yake ji. A zaunar da shi kusa da ɗakunan, ba a otal a Abuja ba. A biya shi a kan lokaci, don labarin koci baƙo da ya tattara kayansa saboda bashin albashi ba sabo ba ne a wasannin ƙasar nan. A kuma tsayar da mutum biyu ko uku 'yan gida da za su manne masa kamar yadda Sagarra ya manne wa Chervonenko.

Damben duniya ma yana cikin sauyi. Kwamitin Olamfik ya janye amincewarsa da tsohuwar hukumar IBA a 2023, ya amince da sabuwa mai suna World Boxing a 2025, aka kuma tabbatar za a yi dambe a gasar Los Angeles ta 2028. Wannan gasar ta riga ta wuce Kano, duk wanda ya ce maka zai kai yaron Sharaɗa can yana neman kwangila ne. Ta Brisbane a 2032 ma da ƙyar. Yaron da zai iya zuwa ta bayanta yanzu yana aji huɗu ko biyar na firamare a Panshekara, yana bin yayansa gidan dambe ranar Lahadi. Kusa da gidansu akwai sito da aka kulle tun kafin a haife shi, mai gadi ɗaya ne a ƙofar, makullin kuma yana hannun wani da zai iya karanta wannan rubutu a wayarsa.